Lattin Kwana Ɗaya

"Ƙarfe nawa kika sha ƙwayar farko?"

Ta dubi likita, ta dubi farin zanin gadon da take zaune a kai. Da safe ne dai, in ji ta. Ko bakwai, ko tara.

Likita ta ajiye biro. Ta sake yi mata bayani a hankali: za a ɗan tsinko shimfiɗar cikin mahaifarta a aika a duba ko ta nuna, ta isa karɓar ɗan tayi. Amma lissafin da awa ake yin sa, tun daga ƙwayar farko. In babu awar, aikin wata guda ya tafi a banza.

Sau uku ana yi mata dashen ɗan tayi a mahaifa, sau uku yana zubewa. Saura guda ɗaya tak a daskare cikin sanyin asibitin.

Yaya za a yi ta riƙe lokaci? Ranar da ta fara maganin ce yayar mijinta ta zo, ta zauna a falo tana magana da ƙarfi don a ji daga ɗaki. Wai gonar da ta ci iri sau uku ba ta tsiro ba, mai hankali barin ta yake yi. Da baƙuwar ta fita, ta ce wa mijin in dashen ƙarshen nan bai zauna ba, ya sauwaƙe mata.

Ya ɗauki jakar aikinsa ya tafi shago. Mai gyaran agogo ne, dama can magana tsada take yi masa.

Kwana biyar ke nan ko gaisuwa ba ta haɗa su.

Nas ta leƙo ta ce akwai wani a waje, ya ƙi zama, wai shi ne mijin 'Yar Latti.

Shi kaɗai ke kiran ta haka, tun suna zance, lokacin da take shanya shi a ƙofar gida tana neman ɗan kunne.

Ya shigo da baƙin mai a farcensa. Bai dube ta ba. Ya miƙa wa likita 'yan katin nan da yake ɗaura wa agogunan mutane, an soke su da zare ɗaya. Kowanne da rana, da awa, da minti. Na farkon: takwas saura minti shida.

"A ina ka...?" in ji matarsa.

"Ledar maganin tana ƙara in kin ɓalle," ya ce. "Bangonmu ba kauri."

Ta juya fuska bango. Da zafin tsinkar ya zo, hannun nan mai warin mai ta damƙe.

Bayan mako biyu suka dawo, ita a kujera, shi a tsaye. Likita ta juyo musu da takarda. Mahaifarta lafiya lau, sai dai takan nuna ne bayan kwana shida, ba biyar irin na yawancin mata ba. Mai yiwuwa duk sau ukun an kai baƙo ne tun ba a buɗe ƙofa ba. Ta ƙara da cewa wannan ba alkawari ba ne, sauran na Allah ne.

Kuka ya ƙwace mata. Shekara huɗu tana tsine wa jikinta, ashe latti kawai yake yi!

"Ai na san a rina," ya ce. "Har cikin ma halinki ne."

Ta kai masa duka a kafaɗa, tana dariya da hawaye.

Ranar dashen da hantsi, suna bakin ƙofar ɗakin, ya ɗaura mata tsohon agogonsa. Sai da ya huda sabon rami a igiyar kafin ya zauna mata. Yayarsa ta kira sau biyu, ya kife wayar.

"Maganar nan da kika yi," ya ce, idonsa a kan agogon. "In bai zauna ba..."

Ta rufe masa baki da tafin hannu.

"Mai Agogona... ko ya zauna ko bai zauna ba, ni ba inda za ni."

Nas ta kira ta, ta sake kira.

"Shiga mana, 'Yar Latti," ya ce. "Ina nan ina jira."