Irin Shinkafar da Ya Ƙi Tsirowa

Da hantsi Dela ta faɗo ofishin 'yan sanda na Bagudo, ba takalmi a ƙafarta.

"Yallaɓai, ka cece ni! Mutanen Lafagu za su ƙone min gida."

Sufeto Bunyaminu ya ba ta kujera. Ita ce shugabar ƙungiyar mata masu adana iri. Bana gwamnati ta ce a daina kawo irin shinkafa daga nesa, a sayi na gida wanda ya saba da fadamarsu. Buhu arba'in aka saya wajen su Dela, aka raba wa manoma. Kwana goma sha biyu da shuka, ko tsinke bai fito ba.

"Wallahi mai kyau munka ba su," in ji ta, tana kuka. "In damina ta wuce, mi za su ci? Mi za mu ci?"

A Lafagu Sufeto ya tarar da maza cike da ƙofar gidanta, wani riƙe da galan ɗin fetur. Ya roƙe su su ba shi zuwa la'asar, bai kuwa san abin da zai kawo musu ba.

Ya karɓi ragowar iri daga hannun manoman, ya ɓare ƙwaya ɗaya, ya tauna. Shinkafar turararriya ce, an riga an dafa ta da ɓawonta. Ko shekara ta yi a ƙasa ba za ta tsiro ba.

Ya juya buhun. Ɗinkin bakinsa na inji ne. Ya dubi Dela, wadda ta biyo shi.

"Ku da me kuke ɗinki?"

"Da basilla, Yallaɓai. Ina munka ga inji?"

Daga hannun matan, irin ya kwana uku a siton gwamnati kafin rabo. Atiku, mai riƙe da makullin siton, ya tarbi Sufeto da fara'a.

"Ranka shi daɗe, yadda anka kawo buhunan, haka anka raba su. Ba wanda ya taɓa."

"Mota ta shigo nan?"

"Ko keke."

Amma mai shayin da ke tsallaken titi ya ce ya ga akori-kurar Ango, direban Illo, ta yi lodi ranar Juma'a, lokacin da kowa ke masallaci.

Azahar ta gota kafin Sufeto ya sami Ango a tashar Illo, kusa da iyakar Benin. Da fari ya ce albasa ya ɗauka.

"Albasa a siton gwamnati? Akwai matar da za a ƙone da 'ya'yanta yau. Kai zan rubuta wa laifin."

Ango ya share zufa. "Dako kawai na yi. Na tsallaka Benin da buhu arba'in, na dawo da arba'in. Malam Atiku na gaban mota."

Sufeto ya koma siton da Ango a bayansa. Atiku na ganinsu ya zauna a ƙasa.

"Wani ɗan kasuwa ya matsa min," ya ce. "Ya ce irinmu ya fi nasu. Na ɗauka wadda ya ba ni ma za ta fito. Ban san dafaffiya ba ce."

"Ka tauna ko ƙwaya ɗaya?"

Atiku ya girgiza kai.

"Ina irin yake yanzu?"

"An shuka shi can. Ya tsiro."

Da la'asar Sufeto ya tsayar da mota a Lafagu, Atiku a baya da ankwa, ya sa shi ya maimaita da bakinsa. Wani dattijo ya matso, ya dubi Dela.

"Ki yafe muna, ɗiyata. Akwai saura wajenku?"

"Buhu shida, Baba. Na shukarmu ne."

Ta dubi taron, ta ce, "Ku zo da kwanoni."

Sufeto ya tada mota, ya nufi Bagudo da mai laifinsa.