Ƙamshin Kanumfari a Jarkar Baffa

Kwana arba'in da rasuwar mahaifinta, Auta ta tsaya a ƙofar shagon turaren da ya bar mata, tana kallon kwaɗon da ƙungiya ta garƙame shi da shi. Hawaye ya jiƙa takunkumin fuskarta har ya manne da kumatunta. Maƙwabtan da suka goya ta tana jaririya suka riƙa rabewa ta ɗaya gefen titi, domin an baza cewa daga gidansu annoba ta shigo layin. Allah sarki! Uba ya tafi, uwa tana kwance, ga shago a rufe...

Ga yadda abin ya faru. A shekarar annoba biki ya tsaya, taro ya tsaya, babu mai neman turare. Sai Ƙungiyar Masu Haɗa Turare ta yi abin da magabatanta suka saba yi in kasuwa ta juya baya: ta haɗa kai. Aka yanke cewa kowane shago ya koma haɗa ruwan tsabtace hannu, ya kai jarkokinsa ma'ajiyar ƙungiya da tambarinsa a jiki, daga nan a kai wa asibiti. Makullin ma'ajiyar kuwa yana hannun Baffa, ƙanin mahaifin Auta, wanda tun ranar jana'iza yake auna faɗin shagon wansa da ido.

Asibiti ya dawo da jarka shida, ya ce an surka su da ruwa, ba sa kashe komai. Duk shidan tambarin Auta ne a jikinsu. Na Baffa kuwa har takardar yabo aka aiko a kansu. Ya yi ta yawo yana girgiza kai, wai shi kunya ta ishe shi, wai yarinya ba ta iya riƙe sana'ar maza, gara a damƙa masa shagon ya rufa wa zuri'a asiri. Uwarta ta riƙe hannunta tana kuka, ta ce ta bar wa Allah.

"Na bar wa Allah, Inna," in ji Auta, "amma sunan Baba ba zan bar wa kowa ba."

Tun kafuwar ƙungiyar ba a taɓa korar mutum ba a ji ta bakinsa ba, kuma Shugaba, dattijo mai riƙo da ƙa'ida, ya ƙi a fara a kansa. Aka zauna a farfajiya, kujeru nesa da juna. Baffa ya yi dogon jawabi, har da share ido. Da aka ba Auta dama, ba ta roƙi kowa ba. Ta nemi a fito da jarka ɗaya cikin waɗanda aka dawo da su, da ɗaya cikin ragowar na Baffa da aka yaba. Sannan ta juya gare shi cikin ladabi.

"Baffa, me kake sa wa naka don ƙamshi?"

"Ba na sa komai. Magani ne, ba kwalliyar amare ba."

Wasu suka yi dariya. Auta ta buɗe jarkar da ke ɗauke da tambarinsa, ta tsiyaya kaɗan a ƙyalle, ta roƙi dattawa su zo ɗaya bayan ɗaya su sassauta takunkumi. Shugaba ne ya fara. Ya shaƙa, sai idanunsa suka ciko. Kanumfari ne. Shekara talatin marigayin yana ɗiga man kanumfari a duk abin da ya fita daga shagonsa, kuma 'yarsa ba ta bar al'adar ba ko a ruwan wanke hannu. Jarkar da aka dawo da ita kuwa, mai tambarin Auta, babu komai a cikinta sai warin ruwa.

"Shaƙa, Baffa," ta ce, tana miƙa masa ƙyallen. "Faɗa wa mutane me ka ji."

Ya shaƙa, ya sake shaƙa... bai ji komai ba. Ashe cutar ta kama shi tun tuni, ta tafi da hancinsa, ya ɓoye, yana cuɗanya da jama'a yana nuna gidan wansa da yatsa. Ya musanya tambari, bai san jarkokin suna ɗauke da wata shaida da ba a ɓamɓarewa ba.

Shugaba ya miƙe tsaye. Ya ce a tarihin ƙungiya sau ɗaya aka taɓa karɓe makulli a bainar jama'a, yau ga na biyu. Aka soke sunan Baffa daga ƙungiya. Shugaba ya ajiye makullai biyu a kan tebur, na shago da na ma'ajiya, ya nemi gafarar Auta a madadin kowa.

Ta dubi mutanen ɗaya bayan ɗaya, hawaye na zuba, kanta a ɗage. Ta tsiyaya ruwan nan mai kanumfarin mahaifinta a kan makullan, ta goge su tas, sannan ta ɗauka.