Fulawar da Sirajo Ya Yi wa Noman Shinkafa

"Sirajo! Mi ka yi wa fulawata?"

Adawiyya ke nan a tsakar gidan su saurayinta a Zauro, ko jakar tafiya ba ta ajiye ba. Sati uku ta yi a Argungu tana jinyar kakarta. Da za ta tafi ta bar masa amanar fulawar marigayiya mahaifiyarta, wata mai gashi buzu-buzu kamar wutsiyar kyanwa, wadda ta saba zama bakin taga a gidan su Adawiyya na Gesse. Babanta Malam Labbo kuwa ya riga ya yanke magana: wanda bai iya riƙon tukunyar fulawa ba, ba a ba shi ɗiya.

To ga fulawa ta yi rawaya, ganye sai zuba yake.

"Wallahi, sanyin idona, ban bar ta da ƙishi ba! Har hujin gindin tukunyar na toshe da laka don ruwa ya tsaya..."

"Ka toshe?! Shinkafa anka ba ka ajiya?"

Kun ji manomin fadama! Shi duk abin da ya gani kore, sai ya tsayar masa da ruwa.

Hawaye suka zubo mata. "Ita kaɗai Inna ta bar mani, Sirajo..."

Sai ga Laure, uwar Sirajo, wadda ta tsufa a noman albasa. Ta ture ɗanta, ta kife tukunyar. Ga 'ya'ya farare kamar aya jingim a jikin saiwar.

"Dubi nan, sakarai! Abin da ke da randar ruwa a gindi kake wa ɗura? Share hawayenki, ɗiyata, da sauran rai."

Ta yanke ruɓaɓɓun, ta buɗe hujin, ta gauraya rairayi da taki, ta kai tukunyar inuwar mangwaro.

"Ba ruwa sai ka soka yatsa ka ji ƙasa ta bushe. Ka ji ni?"

Bawan Allah ya dinga soka yatsa safe da yamma, har maƙwabta suka fara gulma. Ran kwana sha tara, sai ga tsiro uku kore shar! Ya rungumi tukunyar a cinya cikin keke napep har Gesse.

Malam Labbo ya daɗe yana duban fulawar.

"An ce ka kusa kashe ta."

"Na kusa, Baba."

"Wa ya ceto ta?"

Sirajo ya sunkuyar da kai, ya ji aure na suɓuce masa. "Innata ce."

Tsoho ya share ido da bakin rawani. "Ɗiyata ta daɗe ba ta da uwa. Gidan da ke da irin wagga mata, can zan kai ta. Ka turo magabatanka."

Adawiyya, wadda ta rantse tana kicin, sai aka ji faranti ya faɗi a bayan labule.