Ɗan Mahmuda na Madarunfa

Ranar Laraba ce, kasuwar Dutsin-Ma ta cika ta batse, Rahamatu ta sauko daga motar Kurfi tana jan buhu, kan injin markaɗenta a ciki, ranta in ya yi dubu ya ɓaci. An gyara an sake gyarawa, injin nan ya ƙi jin magana, matan unguwa har sun fara kai markaɗensu wani gida.

Aka nuna mata rumfar Malam Sodangi, mai gyaran injinan ban ruwa na manoman ranin Zobe. Malam ba ya nan. Wani dogon saurayi ta tarar a durƙushe, hannu duk baƙin mai.

"Sannu da aiki. Ina mai rumfar?"

Ya ɗago, ya ɗan yi sororo, sannan ya tuna ana amsa gaisuwa. "Ya tafi masallaci. A mato kika ɗauko shi haka ke ɗai?"

"Mato?" Dariya ta kuɓuce mata. "Ashe mutumin Faranshi ne. To Mushe, kamar yadda kuke ce wa malam a can, ka iya gyara ko in jira manya?"

"Sunana Mutawakkil. Ɗan Madarunfa ne ni, nan bayan Jibiya. Da za ki tsaya bakin iyaka ki yi kira da ƙarfi, innata za ta amsa."

Kafin Malam ya dawo injin ya tashi. Ya ƙi karɓar ko sisi, ya ce ta ba shi lambarta don ya riƙa jin lafiyar injin. Ta san ƙarya ce, ta ba shi.

Da yamma saƙo ya shigo: "Hajiyar markaɗe, ya jikin mara lafiya? In ya sake tari ki kira likitansa, ko ba ya tari ma ki kira."

Ta amsa: "Mushe, mara lafiya ya warke. Likitan ne nake jin ba shi da lafiya."

Haka abin ya fara. Duk Juma'a bayan la'asar sai ga shi a Kurfi bisa babur ɗin aro, da soyayyen kifin Zobe a leda. Inna Tani, mahaifiyarta, ta yaba da hankalinsa. Yaro ne mai kunya, mai sana'a, shekara da shekaru yana Dutsin-Ma ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Aka fara zancen turo magabata.

Sai ga Badaruddeen.

Shi wannan ɗan abokin cinikin mahaifinta ne, ya daɗe yana yi wa Rahamatu shawagi tana ba shi haƙuri. Ya sami mahaifin nata, Alhaji Tukur, a shagonsa na hatsi, ya duƙa kamar mutumin kirki, ya ce, "Baba, ba tsegumi ba, amma yaron nan ko takardar tsire ba shi da ita. Ta daji ya shigo ƙasar nan. Ranar da aka tashi kamen baƙi, da shi za a fara."

Kai jama'a! Badaruddeen ɗin da kowane mako yake tsallakawa Maraɗi ya ci tuwon mutane ya kwana a ɗakinsu, ba wanda ya taɓa ce masa ina takardarka. Yau don mace ta ƙi shi, ya tuna akwai doka a duniya. Abin haushin kuma, abin da ya faɗa gaskiya ne.

Kuma ya san inda ya sara. Babban ɗan Alhaji, Usaini, ya tafi Umara ya maƙale a can ba iƙama. Ya yi aure, ya haihu, yana ɓuya yana neman abinci. Wata safiya aka tare shi a titi, aka sako shi jirgi da rigar da ke wuyansa. Matar da yaron suna can har yau. Alhaji bai taɓa ɗaukar jikan nan ba, a waya kawai yake ganinsa.

Don haka da maganar ta zo gida, bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Rahamatu, ban ƙi yaron nan don halinsa ba. Amma ba zan ba da ɗiyata ga wanda za a iya sakawa a mota da safe a bar ta da goyo ba. Na gani a gidana, ba labari aka ba ni ba."

"Baba, ai Hausawa ne irinmu. Kakarka ma daga Tasawa aka auro ta."

"Lokacin kakata ba a tambayar kati. Ya kawo mini shaidar ba mai korar sa, in ba shi ke."

Labari ya kai wa Malam Sodangi. Dattijon nan ya ɗauki Mutawakkil kamar ɗan cikinsa, shi kuwa Allah bai ba shi namiji ba, 'ya'yansa duk mata. Ya zaunar da shi ya ce, "Wannan ai ba abin tada hankali ba ne. Na san mai yin takardar ɗan ƙasa. A rubuta ka Mutawakkil Sodangi, haifaffen garinmu Kuki. Wa zai ƙaryata? Ni ne uban, ni na ce na haife ka."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, wallahi, ba mugunta. Shi a ganinsa kyauta ya yi, mafi girman abin da ya mallaka. Aka shaida wa Alhaji Tukur, ya ce takarda ai takarda ce.

Ranar Juma'a Mutawakkil ya iso yana washe baki. "Hajiyata, an gama! Mako mai zuwa na zama ɗan Kuki."

Ta sa ya maimaita mata dalla-dalla. Tana ji fuskarta na canzawa.

"Ɗan wa za a rubuta?"

"Sodangi. A takarda ne kawai."

"To Malam Mahmuda da ke kwance a kabari a Madarunfa, shi kuma wa ya haifa?"

Ba ta jira amsarsa ba.

"Mutumin da ka ce mini ya sayar da jakinsa ya kai ka koyon gyara? Don ba ya iya tashi ya yi magana shi ne za ka goge shi? Ranar ɗaurin aure in liman ya ce wane ɗan wane, me za a ce a cikin masallaci? In na haihu yaro ya tambaye ni kakansa, in nuna masa wa?"

"Rahamatu, don ke fa na yarda."

"Don ni kar ka yi! Mara takarda gida ake mayar da shi. Mai ta ƙarya gidan yari ake kai shi, har da dattijon da ya tsaya masa. Kuma kana jin Badaruddeen bai san garinku ba? Kai ka ba shi wuƙa da hannunka!"

"To in yi yaya? Ki faɗa mini in yi yaya!"

"Ban sani ba tukuna. Amma kar ka sake zuwa ƙofar gidanmu da sunan aro."

Ta shige gida ta bar shi da ledar kifi a hannu. Ta yi kuka har Inna Tani ta tsorata, don tana son sa, so ba na wasa ba, kuma ta san ta yiwu ta kore shi ke nan.

Abin da ya fi ba ta takaici, duk cikin masu gemun nan ba wanda ya ce a je a tambaya. Ana ta tsoron ofis kamar gidan maye, an gwammace a biya ɗan damfara. Litinin ta rufe injin, ta ja Inna Tani suka shiga motar Katsina, har ofishin shige da fice.

Wata jami'a mai suna Hajiya Nana Hadiza ta saurare ta, ta yi murmushi. "Ke ce amaryar? To ki sani auren ki ba zai mayar da shi ɗan Nijeriya ba. Maƙwabci yana da damar shigowa ya yi ziyara, amma in zama zai yi yana sana'a, sai da katin zama. Ya koma ƙasarsu ya yi fasfo, ya shigo ta bakin iyaka a buga masa hatimi. Sannan ya zo nan da hotunansa da wasiƙar ubangidansa mai cewa a wurinsa yake aiki. Ya biya kuɗin gwamnati, kar ya ba kowa a hannu. In lokacin katin ya cika a sabunta."

"Shi ke nan, Hajiya?"

"Shi ke nan. Sai haƙuri da jira."

A mota ta rubuta masa duka, ta ƙara da cewa: "Mushe, na yi maka tsawa, ka yafe mini. Hanyar tana da nisa amma hanya ce. Ɗan Mahmuda nake so, shi zan jira."

Amsa ta zo: "To."

To kawai! Ta kira, waya a kashe. Washegari a kashe. Ta aika rumfa, Malam Sodangi ya ce yaron ya tattara jakarsa ya tafi, kuma shi ma Malam ɗin fushi yake, wai ashe sunansa ya yi wa wasu kaɗan.

Badaruddeen kuwa kamar an yi masa bushara. Ya bi gari yana cewa da idonsa ya ga an saka shi a mota a Jibiya. Ƙaryar banza, amma Kurfi ta ɗauka. Matan da ke kawo markaɗe suka riƙa yi mata jaje da baki suna ƙunshe dariya. Wata har da cewa, "An ba ki tuwo kin ce sai da miyar gaskiya, ga shi kin kwana da yunwa."

Alhaji ya ce, "Ba zan matsa miki ba. Amma da kin yi shiru da yanzu ana zancen lefe."

Wannan maganar ita ta fi yi mata zafi, domin ita ma ta faɗa wa kanta haka. Damina ta sauka, gero ya yi kai, ba Mushe ba labarinsa. Ta rame, ta daina tsokanar kowa.

Wata safiya tana tsaka da markaɗen wake saƙo ya shigo da baƙuwar lamba.

"Hajiyar markaɗe, kunya ce ta hana ni magana. Na je kabarin Baba na daɗe a tsaye. Na yi rantsuwa ba za ki ji muryata ba sai fasfo na hannuna. Sai da na yi leburanci a Yamai na haɗa kuɗinsa. Yau na karɓa. Gobe zan shigo ta Jibiya, ta ƙofa. In har kina jira."

Ta kashe injin, ta rubuta: "Allah ya isa tsakanina da 'To' ɗinka. Ka taho."

Saura wasiƙar ubangida. Mutawakkil ya durƙusa gaban Malam Sodangi ya ce, "Baba, ban ƙi sunanka don raini ba. Ina da uba ne, ya rasu, ba shi da wani namiji sai ni."

Dattijon ya daɗe yana juya sufana a hannu. Mutumin da bai da ɗa namiji ai ya fi kowa sanin abin da ake nufi. Ya share ido da hannun riga ya ce, "Da ni ne a kwance, haka zan so a yi mini. Tashi mu je Katsina."

An yi zirga-zirga, an jira, an koma, kati dai ya fito. Mutawakkil ya kai shi shagon hatsi ya ajiye gaban Alhaji Tukur tare da fasfo. Badaruddeen na zaune a kan buhu, sai ga shi ya tuna yana da sauri.

Alhaji ya sa tabarau ya duba gaba ya duba baya. Ya cire tabarau.

"Da Usaini ya sami mai tsaya masa haka," ya ce a hankali, "da jikana na nan yana yi mini ɓarna a shago. Ka turo magabatanka."

Bayan an cire amfanin gona aka ɗaura aure a Kurfi. Motoci biyu suka zo daga Madarunfa, har da innarsa. Baffan ango ya ce shi ba zai karɓi aure ba, wanda ya riƙe musu yaro shi ya cancanta. Aka matso da Malam Sodangi gaban liman.

"Wa kake nema wa?"

Dattijon ya gyara murya. An sa lasifika, don haka har cikin gida mata suna ji.

"Ina nema wa ɗana Mutawakkil, ɗan Malam Mahmuda na Madarunfa, auren Rahamatu ɗiyar Alhaji Tukur."

A tsakar gida tsohuwa innar ango ta saki kwanon da ke hannunta. Tun da aka binne mijinta ba ta sake jin an kira sunansa cikin taro ba. Ta lallaɓa har ɗakin amarya, ta kama hannayen Rahamatu masu lalle ta ɗora a fuskarta tana kuka.

"Ɗiyata, ke kika maido mini da sunan mijina. Allah ya ba ki masu kiran sunanki bayan ranki."

Aka shafa Fatiha, guɗa ta tashi. Wayar amarya ta yi ƙara a ƙarƙashin mayafi.

"Matar ɗan Mahmuda, kin ji da kunnenki?"

Ta share hawaye ta rubuta: "Na ji, Mushe. Kurfi duka ta ji. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya ba mu namiji mu sa masa suna Mahmuda."