Mai Canza Lambobin Jirgi

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan, don ni ko a gaban mutum biyu ban iya magana ba.

Shara nake yi a inda matuƙan jirgin sama ke koyon aiki. Akwai ɗakin da aka ƙera kamar kan jirgi, da kwamfutar da ake shigar wa lambobin hanya. Kullum da safe sai a tarar an canza lambobin.

"Tsummanki ne ke danna su," in ji oga. "Aka sake, kin bar aikin."

Abin ya ci mini rai, don ko kusa da wurin ba na gogewa. Ranar na ƙi tafiya gida, na laɓe bayan ƙofa.

Can dare na ji danne-danne. Wani matuƙi ne zaune, ya shigar da lamba, ya goge, ya yi tsaki, ya sake. Ɗakin ya ɗauki ƙarnin ruwan teku.

"Malam, don Allah ka bari," na ce. "Ni za a kora."

Bai juyo ba. "Yi haƙuri, ƙanwata. Lamba ɗaya na kuskure. In na gyara, mutanen da ke bayana za su isa gida."

Bayansa bango ne kawai. Ruwa na ɗiga daga hannun rigarsa, amma ƙasa a bushe. A gilashin gabansa, fuskata kaɗai na gani.

Washegari, kafin oga ya buɗe baki, na miƙa masa makullin ɗakin, na roƙi ya mayar da ni wankin banɗaki.