Layin da Ba a Taɓawa a Siton Riɗi

Ku matso kusa. Wanda ya san zai yi fitsarin kwance ya tashi tun yanzu.

Lurwanu ɗan unguwarmu ne. Yayansa Sale direba ne a wani siton riɗi da zoɓo a bayan gari, shi ne wanda tirela ta kife da shi a hanyar kudu. Bayan sadakar arba'in, masu siton suka ji tausayi suka ba Lurwanu aikin kwamfuta, don mai yi da can ya gudu. Yana zuwa aiki, yana dawowa, amma ko tuwo ya ci ba ya jin gishiri.

Rannan manaja ya bar masa aikin kwana. An sake auna kaya da sabon sikeli. Jadawali biyu ne a kwamfutar, ɗaya na kaya da tsohon nauyinsu, ɗaya na sabon awo. Zai haɗa su ta lambar kaya, ya rubuta wa kwamfutar umarni guda da yarenta na SQL, sabon nauyi ya hau kan tsoho. Da wannan ake sanin buhu nawa mota za ta ɗauka. Da asuba kuma Gambo direba zai kama hanya.

"Duk layukan," in ji manaja. "Ka bar ɗaya, ka bar aikinka."

Dare ya raba. Shiru, sai gunjin janareta. Ya haɗa jadawalan. Riɗi ya sami abokinsa, zoɓo ya samu. Can ƙasa sai ga wani layi, ba suna, sai lamba. Tsohon nauyi, kilo ɗari biyar. Sabon awo, sifili.

Ya ɗora yatsa zai danna.

"Salamu alaikum, ɗana."

Wani tsoho ne tsaye a kan sikelin bakin ƙofa. Yana gabansa, amma muryar ta bayan kunnensa ta fito. Lurwanu ya saci kallon allon sikelin. Sifili.

"Wa... wa'alaikumus salam, Baba."

"Layin nan namu ne."

"Naku su wa?"

"Masu wuri. Tun nan yana kurmin tsamiya muke. Wanda ya gina siton ya yi mana alkawari, kowace mota a rage mana wurin zama. Sikelinku ba ya ganinmu. Taya kuwa tana ji."

Lurwanu ya ce, "An ce in gyara duka."

"Wancan mai kwamfutar ma haka aka ce masa. Ya mayar da shi sifili, aka cika mota maƙil. Da safe ya gyara, amma ta riga ta tafi."

"Motar wa?"

Tsohon ya sunkuyar da kai.

"Yayanka yana ta salati a gangaren nan. Mun riƙe ta iya ƙarfinmu, ɗana. Lodin ya yi yawa."

Hawaye ya hana Lurwanu ganin haruffa. Ya share da bakin riga. Gambo fa 'ya'yansa huɗu. Ya ƙara sharaɗi ɗaya a ƙarshen umarnin: a gyara kowane layi, ban da mai wannan lamba. Ya danna. Da ya ɗago, ba kowa. Riɗin da ya zube a bakin ƙofa ko sawu babu a kansa.

Da asuba aka yi lodi, buhu goma suka rage a ƙasa. Manaja ya duba kwamfuta, ya fara zage-zage.

"Kai da ƙauyanci! Ajiye min makulli ka fita!"

Lurwanu ya ajiye. Yana bakin get sai ya ji ƙarfen tirelar Gambo ya yi ƙara. Ta ɗan nutse. Ta sake nutsewa. Sannu-sannu, kamar mutane na hawa ɗaya bayan ɗaya. Gambo ya leƙo ta taga.

"Wa ke taɓa min mota?"

Bai ga kowa ba, ya ja motarsa ya tafi.

Kwana biyar Gambo ya dawo lafiya, har da tsarabar ayaba. Lurwanu kuwa har yau yana neman aiki.

To, na ji sun ɗauki sabon mai kwamfuta, kuma ba wanda ya gaya masa. Kada ɗayanku ya kuskura ya kwana a siton nan shi kaɗai. In kuma aka ce ku bi motarsu, ku fara duba ƙasa. In ba ku ga buhu goma a ajiye ba, ku sauka.