Bencin Masu Jiran Kira

Da magariba abin ya fara. Maigidan ya shigo da wani dogon benci a ka, ya sauke shi jikin bangon tsakar gida. Masinja ne a ofishin ɗaukar ma'aikatan gwamnati, shi ke leƙowa ya kira masu neman aiki ɗaya bayan ɗaya. Yanzu an mayar da komai intanet, an rufe zauren jira, an watso kayansa waje.

"Katako mai kyau haka a bar wa gara?" in ji shi.

Babbar 'yarsu ta zauna a kai da wayarta. Ta gama cike komai na neman aiki, saura hoton fuska, ga shi jibi za a rufe shafin. Ta ɗauka, wayar ta ce fuska biyu ta gani. Ta sake, fuska biyu. Bayanta kuwa bango ne kawai.

Uwar ta ce, "Matso kusa da fitila mana."

"Umma, na kasa tashi."

Uwar da maigidan suka ja ta, amma kamar an kafe ta da ƙusa. Sai tsakuwa ta fara sauka kan rufin kwano. Gidan ya cika da tari da jan takalmi irin na mutanen da suka gaji da zama, alhali ba kowa. Nan ta kwana, nan ta wuni, hannu bisa gwiwa, ido a ƙofa. Uwar na ɗura mata ruwa a baki, tana share hawaye da bakin zane.

Ranar rufe shafin aka samo wani malami. Ya daɗe yana karatu kafin bakin yarinyar ya buɗe da muryar tsoho.

"Layi ake bi, Malam."

"Wane ne kai?"

"Mai jira. Tun ana buga takarda da tafireta nake kan bencin nan. Kowa an kira shi, ban da ni."

"Sake ta."

"Ai bayana take. Sai an kira ni za ta motsa."

Malam ya dubi maigidan. "Wannan aikinka ne."

Maigidan ya saka rigar aikinsa, ya fita waje, ya leƙo ta ƙofar gida.

"Na gaba!"

Bencin ya yi ƙara kamar an sauke masa kaya. Ƙofar ta kaɗa, ta tsaya. Yarinyar ta zube jikin uwarta.

Hoton ya shiga kafin a rufe. Saƙo ya fito: za a tuntuɓe ki. Aka faskara bencin, aka ƙone.

Amma har yau, magariba na yi, sai yarinyar ta zauna a ƙasa daidai gurbin bencin, hannu bisa gwiwa, ido a waya. A kira ta cin abinci, ta ce, "Bari dai, Umma, kar a kira ba na kusa."

Uwar ta sake ɗauko Malam. Ya yi karatu, ya duba, ya ce wannan karon babu kowa a jikinta.